Layi Na Sha Shida

Litinin, 6 ga Fabrairu, bayan la'asar

Yau na shiga faifai. Ni Tanimu, mai tsaron shagon turaren Kawu, gangata ta shiga faifan Baba Cleo.

Ƙanƙara ta rufe Filadelfiya tun asuba, ba bas ba jirgi, muka taka da ƙafa ni da abokina Orrin, ɗan Baba Cleo, har situdiyon ubansa a titin Girard, ya ɗora jitarsa a ka kamar mai tallan itace. Ubansa ya ce ko sama za ta faɗo sai an ɗauki waƙa ta takwas yau, ita ce ta ƙarshe. Mai gangar da ya buga sauran bakwai ɗin ƙanƙara ta tsare shi a gida. Orrin ya ce, "Baba, ga Tanimu." Baba ya dube ni ta saman tabarau. "Wannan? Wanda ya zuba mini gishiri a gwangwanin sukari?" Na ce, "Baba, ai ba a kama kowa ba." Ya ce, "Zauna. Ka kuskure sau ɗaya in jefa ka ta taga, kai da gangar."

Ban kuskure ba. Carmine injiniya ya liƙa 'yar takarda a layi na tara ya rubuta sunana.

Kawu ya ce in gaya masa me ake yi a can da har zan taka cikin wannan sanyi. Na ce Baba Cleo ba ya waƙa, shi dai ya tsara, ya tara makaɗa, sannan ya gayyato manyan mawaƙa kowa ya rera ɗaya. Sunansa a gaban kwali, nasu a baya. Tef ɗin faffaɗa ne, layi sha shida gare shi, kowane kayan kiɗa da nasa. Kafin baƙo ya zo, Orrin ke rera waƙar a layi na sha shida don makaɗa su san inda murya za ta bi. In baƙon ya iso sai a danna jan maɓalli, a wanke layin kamar allo, a zuba sabuwar murya. Kawu ya ce, "To shi yaron me ya samu?" Na ce wanka.

Abin da ban gaya wa Kawu ba: Orrin yana cikin ɗan akurkin waƙa, ido rufe, yana rera "Wa Zai Rufe Tagar", ya kusa wurin da murya ke hawa sama. Na damƙo ƙanƙara daga bakin taga, na lallaɓa, na zura masa a wuyan riga. Wallahi muryar ta tashi har inda ban san ana zuwa ba, sannan ta fashe da dariya. "Tanimu, ɗan banza, sai na kama ka!" Masu kaho har da faɗuwa daga kujera. Carmine ya ce a sake ɗauka? Baba ya ce, "Bar shi, ai wankewa za a yi."

Nan dariyar Orrin ta tsaya.

Alhamis, 9 ga Fabrairu, da yamma

Orrin da Baba sun yi faɗa. Ina kan matakala na ji komai.

Anti Odessa Pruitt ce za ta zo daga Chicago ta rera ta takwas. Orrin ya ce a bar masa wannan ɗayar, guda ɗaya tak, shi ya rubuta rabin baitocinta. Baba ya ce, "Kai mai jita ne. Muryar coci gare ka, ba ta faifai ba. Gaskiya nake gaya maka don ni ubanka ne." Orrin ya ce, "Na gode, ranka ya daɗe." Bai taɓa ce masa haka ba.

Na bi shi har bakin titi ina kwaikwayon tafiyar Baba, ciki gaba, tabarau a hanci. Kullum tana ci. Yau ba ta ci ba. Ya ce, "Tani, allon nan naku na makaranta, sau nawa ake wanke shi kafin ya ƙare?" Na ce allo ai ba ya ƙarewa. Ya ce, "To ni ba itace ba ne." Ya ce in je gida, gobe ma rana ce.

Ya bar jitarsa a sama.

Asabar, 11 ga Fabrairu, da hantsi

Orrin bai zo wasan kiɗan da muke yi jiya ba. Wani ya riƙe mana jita, hannunsa kamar mai dakan sakwara. Na tanadi wannan maganar in gaya wa Orrin.

Asabar, bayan azahar

An bugo waya shagon Kawu. An tsamo Orrin daga kogi a ƙarƙashin gada, yana asibiti.

Lahadi, 12 ga Fabrairu, da yamma

Asibiti warinsa ɗaya ko'ina. Sun bar mu shiga bibbiyu. Akwai na'ura a gefen gadon tana buga kiɗa, ɗaya, ɗaya, ɗaya, ba salo ba gwaninta. Na ce masa, "Tashi ka ji wani maras hannu ya ƙwace mana aiki." Mama Verna, uwarsa, ta yi murmushi don kar in ji kunya.

'Yan sanda sun kawo kwat ɗinsa a leda. Har yanzu da danshi.

A zaure mutane suna ta magana ƙasa-ƙasa. Wannan ya ce santsi ne, gadar ba a zuba mata gishiri ba. Wancan ya ce me ya kai shi gada da ƙafa. Wata ta buɗe baki za ta ce wani abu, Baba Cleo ya wuce, ta rufe.

Ba zan rubuta wannan ba.

Talata, 14 ga Fabrairu, da azahar

Kiɗan na'urar ya tsaya.

Alhamis, ban san lokaci ba

Na sayar wa wata mata turaren miski na ba ta na sandal. Ta dawo tana faɗa. Na ba ta duka biyun.

Asabar, 18 ga Fabrairu, bayan la'asar

Na ari baƙar kwat wurin maƙwabci don jana'iza, hannun ya wuce yatsuna. Da Orrin yana nan da ya ce an sa wa tsintsiya riga.

Coci ya cika har waje. Suna rera waƙoƙinsu, ni ina tsaye a baya ban san inda zan sa hannuna ba. Baba Cleo bai yi kuka ba. Ina kallon ƙafarsa, tana buga ƙasa, mai molon coci yana jan kiɗa a hankali shi kuma yana gyara masa da takalmi. Bai san yana yi ba.

A gida an jera abinci, soyayyar kaza, burodin masara, dafaffen ganye. Mama Verna ta jawo ni kicin ta buɗe wata 'yar tukunya daban. "Naka ne, ɗana, ba alade a ciki." Yau. Yau ɗin nan ta tuna. Na ci a tsaye ina kallon bango.

Litinin, 20 ga Fabrairu, da yamma

Baba ya buɗe situdiyo. Ya ce mutanen kamfani ba su san makoki ba, Anti Odessa za ta iso ranar Alhamis. Yana ta ba da umarni kamar kullum, sai dai ba ya juyawa ɓangaren da jitar take. Ba wanda ya ɗauke ta.

Da ya fita shan taba na ce wa Carmine, layi na sha shida fa? Ya ce yana nan. Na ce ranar Alhamis fa? Ya cire tabarau ya goge. "Ka sani, yaro."

Sauran bakwai ɗin duk an wanke. Orrin bai taɓa rera waƙa a faifan kowa ba. Wannan kaɗai ta rage a duniya, ita da dariyar da ke wutsiyarta.

Na ce a ba Anti Odessa wani layin. Ya ce babu, duk sun cika, masu goge da masu kaho ma an riga an matse su wuri ɗaya, in aka ƙara matsewa tef zai riƙa huci kamar kububuwa, Baba kuwa ba zai yarda ba. Ya ce, "Zan kwafe maka a kaset ka ajiye." Na ce kaset a aljihu ai wankewa ce ita ma, sai dai a hankali. Abin da Orrin ya roƙa faifai ne. Ya ce, "To gaya wa ubansa." Na ce kai ka gaya masa, kai ne mai furfura. Ya ce ya gwada da safe, Baba ya ce duk wanda ya kunna masa layin nan ya nemi wani aikin.

Talata, 21 ga Fabrairu, bayan asuba

Na idar da salla na ɗaga hannu, ban san me ya halatta in roƙa wa Orrin ba. Na tambayi Kawu. Ya daɗe yana jan carbi, ya ce, "Allah ya fi ni da kai sanin bayinsa. Sha shayinka."

A makarantar allo, can Zangon Kumasi kafin Kawu ya ɗauko ni, Malam ba ya barin ka wanke sai ka haddace. Na zauna in ga ko na haddace muryar Orrin. Baitocin suna nan. Muryar tana zillewa.

Orrin ne ya koya mini karatun boko, a bayan kwalayen faifai. Ya sa yatsa a suna ya ce karanta, wa ya buga ganga, wa ya busa kaho. Ya ce wata rana za mu karanta namu.

Laraba, 22 ga Fabrairu, da la'asar

Layi na sha shida yana nan.

Na yi abin da na iya. Na ɗauke naɗin tef ɗin daga kwalinsa na sa a kwalin waƙoƙin Kirsimeti na wata ƙungiyar coci, can ƙasan kanta. Nasu na sa a namu.

Alhamis, 23 ga Fabrairu, da yamma

Anti Odessa ta iso da gashin dabba a wuya da jaka kamar ta unguwar zoma. Ta cire takalmi, don ba ta waƙa da takalmi. Aka kawo mata ruwan zafi da zuma. Ta ce wa Carmine, "Ka san ƙa'idata. Kiɗa kawai. Ba na jin muryar kowa kafin tawa, tana ɓata mini kunne." Ta shiga akurki, ta sa abin kunne, ta ɗaga hannu. Carmine ya kunna.

Sai ga yara arba'in suna waƙar haihuwar Annabi Isa da ƙararrawa.

Da can da na mutu da dariya. Wallahi abin ya yi kyau, fuskarta kaɗai ta isa. Ba wanda ya yi ko tari. Ta ce, "Cleophus, na taso daga Chicago cikin sanyin nan don a yi mini wasan yara?" Ta sa takalmi ta ce tana gidan ƙanwarta, in sun shirya su neme ta.

Baba bai nemi tef ba. Ni ya nema. Ya tsaya a gabana, ya ce, "Ina yake?" Na ce wa? Ya ce, "Kar ka yi mini." Na nuna kanta. Na ce, "Baba, sau ɗaya kawai ka saurara." Ya ce, "Ka ɗauka ban san abin da ke ciki ba? Ina wurin." Na ce to bar shi a faifan. Ya ce, "Ɗauka ce lalatacciya, kai ka lalata ta da hannunka. Kana so in sa ɗana a gaban duniya yana ihu kamar an taka kyanwa?" Muryarsa ta karye a wurin ɗana, ya yi tari ya rufe. Ya ce, "Komai wasa ne a wurinka. Fita. Kar in ƙara ganin ƙafarka a matakalar nan."

Na sauko. Carmine ya biyo ni da hulata. Ya ce an ɗaga zuwa Laraba mai zuwa.

Juma'a, 24 ga Fabrairu, bayan masallaci

Da ban sa ƙanƙarar ba da ɗaukar ta fita tsaf. Da ta fita tsaf ko da Baba ya

Ba zan rubuta wannan ba.

Asabar, da hantsi

Yana nan. Har Laraba yana nan.

Lahadi, 26 ga Fabrairu, da yamma

Na mayar wa Mama Verna tukunyar da ta sa na tafi da ita ranar jana'iza. Motar Baba tana ƙofar gida, shi yana ciki, injin a kashe, hannu a sitiyari. Bai gan ni ba, ko ya gan ni. Ta ce haka yake yi, sai ya yi awa kafin ya shigo.

Ta zuba mini kofi, ta ce na rame. Na ce ai ni daman sanda ne. Ta fito da hotuna, Orrin da rigar mawaƙan coci, kunnuwa kamar faranti. Na ce tun yana yaro yake da abin kama tashar rediyo. Ta yi dariya sosai har ta dafa tebur. Sai ta ce, "Tanimu, tun da muryarsa ta fashe ya bar coci ban ƙara jin ya rera waƙa da gaske ba. A gida ba ya yi, saboda ubansa. Kai ka ji shi. Gaya mini gaskiya, ya iya?"

Na ce ya iya, Mama.

Ta ce, "Hotuna ba sa magana." Ta mayar da su cikin gwangwani.

Ban gaya mata zancen layin ba. In aka wanke bayan ta sani, sau biyu ke nan.

Litinin, 27 ga Fabrairu, bayan azahar

Na yi tunanin dabaru. In cire fis ɗin wuta. In bugo waya da muryar mutanen kamfani. In sa wa Anti Odessa barkono a zuma, wannan ma na yi tunaninsa, Allah ya yafe mini. Duk sai su ƙara kwana biyu, Laraba ta sake zuwa.

Sai na tafi shagon gyaran gashi na ƙanwar Anti Odessa. Anti tana zaune kanta cikin wannan tukunyar busar da gashi. Ta gan ni ta ce, "Ga shugaban mawaƙan Kirsimeti." Matan shagon suka juyo gaba ɗaya. Na ce, "Anti, na zo a yanka ni." Ta ce, "Ba nama a jikinka. Me kake so?"

Ban taɓa roƙon abu ba tare da wasa a ciki ba, bakina bai san hanyar ba. Na faɗa dai. Na ce akwai murya a layin da za ta rera, ta ɗan Baba ce, ita kaɗai ta rage, ta saurara sau ɗaya kafin a danna.

Ta fito da kai daga tukunyar. "Na yi masa goyo yana jariri, ka sani? A bayan motar 'yan kiɗa." Ta ce, "Shekara talatin ban saurari muryar gwaji ba. Kuma ba zan shiga tsakanin mutum da makokinsa ba. Cleophus ne mai faifai." Na ce to. Na juya. Ta ce, "Kai, tsintsiya. Jakata tana da nauyi, ƙugu na ciwo. Ranar Laraba ka zo ka riƙe mini."

Ban san me wannan ke nufi ba.

Talata, 28 ga Fabrairu, da la'asar

Na tare Carmine a wurin mai burodi da nama. Na ce gobe in hannunka ya zame fa? Ya ce shekara ashirin da biyu yana gaban injin nan hannunsa bai taɓa zamewa ba, yana da 'ya'ya uku a makaranta. Ya saya mini burodi. Ban iya ci ba.

Laraba, 1 ga Maris, bayan magariba

Zan rubuta a jere don kar in manta.

Na hau matakala a bayan Anti Odessa da jaka. Baba ya ce, "Me wannan yake yi a nan?" Ta ce, "Jakata yake riƙe. Ka kore shi ka kori jakata, jakata ta fita ni ma na fita." Ya ce in zauna a lungu, in na yi numfashi da ƙarfi ya ji.

Ta cire takalmi, ta sha zuma, ta shiga. Baba ya ce a juya mata kiɗan sau ɗaya ta ji kafin a ɗauka. Carmine ya kunna. Jita ta shigo, jitarsa, wannan kam ba mai wanke ta. Gangata ta shigo. Sai murya.

Ta cika ɗakin ta manyan lasifikoki, kamar ya turo ƙofa.

Baba ya ce, "Carmine." Carmine ya ce, "Hannuna ne, Cleo. Tsufa." Baba ya ce, "Kashe." Carmine bai motsa ba. Baba ya miƙa hannu da kansa, sai muryar Anti Odessa ta fito ta makirfo, "Cleophus Barrow, ka taɓa abin nan in fito in karya maka yatsa."

Hannunsa ya tsaya a sama.

Ta saurari baiti na farko ido rufe. A na biyu ta fara amsa masa, a hankali, shi ya tambaya wa zai rufe tagar, ita ta ba shi amsa daga ƙasa, ba ta hau kansa ba. Ba a ɗauka, ita dai take yi. Sai wurin hawan ya zo. Na san abin da ke tafe, na sa kai a gwiwa. Muryar ta tashi, ta tashi, ta fashe. Dariya. Sunana.

Tef ya ƙare yana kaɗa wutsiya, ba wanda ya tsayar da shi.

Ta fito ba takalmi ta tsaya a bakin ƙofa. Ta ce, "Wa ya ce yaron nan bai iya waƙa ba?" Ta dubi Baba, ta gane, ba ta sake tambaya ba. Ta ce, "Ba zan rera a kansa ba. Tare za mu yi. Nemo mini layi."

Carmine ya ce babu. Baba ya zauna, ya fara bin takardun da yatsa kamar mai neman hanya, fiyano, a'a, kaho, a'a, goge, a'a, in an cire waƙar ta rushe. Ya ce, "Babu layi, Odessa. Ba mugunta ba ce. Sha shida ne, ba ni na yi su ba."

Na ce, "Akwai na tara."

Suka juyo. Baba ya ce, "Na ce kar in ji numfashinka." Na ce, "Ganga ce kawai, Baba, waƙar za ta tsaya ba ita." Ya ce, "Za ta yi rami." Anti Odessa ta ce, "Waƙar nan daman rami ce." Baba ya dube ni ta saman tabarau, irin kallon ranar farko. "Ita kaɗai ka buga a faifan nan. In an wanke, sunanka ya fita daga kwali. Ka gane?" Na ce, "Ai ka yi alkawarin jefa ni ta taga ni da gangar. Fara da gangar."

Bai yi dariya ba. Sannan ya ɗaga wa Carmine kai.

Carmine ya ɓare 'yar takardar da ke layi na tara ya liƙa mini a goshi. Ya ce, "Naka ne, kai za ka danna." Na danna. Jan maɓallin ba shi da nauyi ko kaɗan, abin da ya ba ni mamaki ke nan. Inda kunnena ke jiran hannuna sai na ji Anti Odessa ta ja numfashi.

Sau ɗaya ta yi. Ta ce ba ta da na biyu.

Saura wutsiya. Carmine ya ce yana iya rage sauti a hankali kafin a kai wurin ƙanƙarar, waƙa ta ƙare da mutunci, ba wanda zai sani. Baba ya ce a mayar masa da wurin. Aka mayar. Ya ce a sake. Aka sake. Ya ce, "Ya kai. Ban taɓa jin ya kai can ba." Na ce ƙanƙara ce, Baba. Ya ce, kamar ba da mu yake ba, "Na ce masa muryar coci gare shi."

Ya ɗauki hularsa ya fita. Bai ce a yanke ba, bai ce a bari ba.

Alhamis, 2 ga Maris, da hantsi

Layi na sha shida yana nan. Na tara ne babu.

Laraba, 15 ga Maris, bayan azahar

Ƙanƙara tana narkewa, titi duk caɓi. Ba labari. Carmine ya ce Baba ya rufe ƙofa shi kaɗai ya haɗa waƙar, ko shi bai bari ya shiga ba. Jitar kuma ba ta lungun.

Na zuba wa Kawu gishiri a shayi don in ga ko hannuna yana aiki. Ya shanye bai ce komai ba. Wannan ya fi duka ciwo.

Lahadi, 2 ga Afrilu, da yamma

Mama Verna ta aiko in zo cin abinci. Faifan gwaji ya iso, fari, ba hoto, da 'yar takardar sunayen da za a buga a bayan kwali. Baba ya miƙo mini ba tare da ya dube ni ba. Na sa yatsa na bi a hankali yadda aka koya mini. Mawaƙa baƙi. Na wuce bakwai. Na takwas, Odessa Pruitt da Orrin Barrow. Na sauka wurin masu ganga, na karanta har ƙasa. Ba ni.

Baba ya juya faifan ya ɗora allura a waƙar ƙarshe, ya tafi bakin taga ya ba mu baya. Mama Verna tana tsaye da cokali a hannu. Da muryar ta shigo ta zauna a hannun kujera. Ba ta yi kuka ba, bakinta yana motsi kamar tana taya shi. Wurin gangata fili ne, ana jin numfashinsa a ciki.

Aka zo hawan. Na jira sauti ya ragu.

Kiɗan ne ya ragu. Baba ya janye kaho, ya janye goge, ya janye fiyano, har Anti Odessa ya janye, ya bar shi shi kaɗai a sama. Muryar ta fashe. Dariyar ta fito tsirara, ba komai a bayanta. "Tanimu, ɗan banza, sai na kama ka!" Allura ta shiga shiru. A nan faifan ya ƙare.

Mama Verna ta yi dariya, ta yi dariya, har ta zama wani abu daban. Ta ce, "Cleo, sake sa." Ya sake. Da ya wuce ta gabana ya ce, "Sunanka ya fita daga kwali." Na ce na gani, Baba. Ya ce, "Sauka ka ci abinci." Ta ce akwai 'yar tukunyata a kicin.

Litinin, 3 ga Afrilu, da hantsi

Orrin, ina shagon Kawu, bakin ƙofa, inda ka saba samuna. Ban gudu ba.

Zo ka kama ni.